Motar da Ta Zo a Jaka

Mota ɗaya, batir uku, rimot, caja, filaya, da ɗan ƙarfen da ake kafa waya a ƙasa in za a ɗauki bidiyo. Duka a cikin jaka guda, jakar kuma a kan cinyar Raphael. A gefensa Scholastica na rungume da kankana da burodi biyu na gaisuwa.

Sun baro Samaru, sun wuce Palladan, mai keke ya karya ya hau hanyar Basawa. Sai a nan ta gyara murya.

"Akwai maganar da ban faɗa maka ba."

"Yanzu?"

"Gara yanzu da a ƙofar gida."

Raphael mai gyaran na'urori ne a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Shekara uku ke nan, duk Asabar sai ya ɗauki wannan mota, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ya tafi duwatsun bayan Bomo. Ya canza mata taya, ya canza sifirin, ya yi mata fenti ruwan ƙasa. Yakan kwantar da waya a ƙasa daidai tayarta, sai dutsen da bai kai gwiwa ba ya fito a bidiyo kamar tsauni. Mutane na kallo, suna turawa juna.

Mahaifin Scholastica kuwa, Saje Sati, shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa motar soja. Ya riga ya kori manema biyu, ɗaya don kawai ya bar inji a kunne yana gaisuwa. Sau biyu Raphael na neman izinin zuwa, ana cewa Saje ba shi da lokaci. Sai makon jiya saƙo ya zo: ya zo ranar Asabar, kuma ya zo da motar.

"Ka san na nuna masa bidiyon dutsen Bomo," in ji ta.

"Na sani. Ba shi ya buɗe mini ƙofa ba?"

"Ya ce, tasa ce? Na ce tasa ce. Ya ce, wa ya haɗa ta? Na ce shi, da hannunsa. Ya ce, taya huɗu ke ja? Na ce huɗu."

"To ai duk gaskiya kika faɗa."

"Bai tambayi girmanta ba."

Raphael ya dube ta. Ya dubi jakar. Mai keke, wanda kunnensa ke baya tun daga Samaru, ya rage gudu.

"Oga, a juya?"

"Mu je," in ji Raphael.

Tun daga nesa suka hango shirin. An wangale ƙofar gidan, an ma cire ɓangare ɗaya an jingine da katanga. An share tsakar gida, an kawar da akurkin kaji. Wani ƙaton reshen mangwaro na kwance a gefe da 'ya'yansa, sabon sara. Saje Sati na tsaye a bakin ƙofa cikin riga mai guga, kusa da shi maƙwabcinsa Malam Uba, wanda ya rufe shagonsa na kayan famfo a Sabon Gari don kada a ba shi labari.

Suka sauka. Saje bai dube su ba, hanyar da suka fito yake kallo.

"Direba ne zai biyo ku da ita?"

Raphael ya durƙusa. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Ina motar?"

"Tana nan, Baba."

Ya zuge jakar, ya fito da ita da hannu biyu, ya ajiye a tsakiyar filin da aka share. Filin zai ɗauki babbar mota da rabi.

Wata kaza ta zo ta zagaya motar, ta tsattsagi tayar, ta wuce.

"Saje," in ji Malam Uba a hankali, "a mayar da ƙofar, ko a bari ta gama shiga?"

Daga bakin kicin Mama Sarah, mahaifiyar Scholastica, ta leƙo da ludayi a hannu. Ta dubi motar, ta dubi reshen.

"Mangwarona! Sati, saboda wannan abar ka sare mini reshe mai 'ya'ya? Ai ko a ƙarƙashin kujera ta wuce!"

Malam Uba ya dafa katanga yana dariya har hularsa ta karkace. Saje bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu wajen 'yarsa.

"Sukola, ba ni wayar."

Ya nemo bidiyon da kansa, ya matso da shi kusa da ido, ya bari ya yi nisa, sannan ya tsayar.

"Zo nan, yaro. Duba. Nan tayar gaba ta tashi sama. Ƙiftawar ido, ga mota a kan dutse. Sau goma sha ɗaya na kalla. Na hau Mambila da kaya cike, a tsakiyar damina, ban taɓa ganin motar da ta yi haka ba. Shi ya sa na ce a kira ka. Wa ya ja ka a nan?"

Raphael ya san wurin. Yana iya cewa waya ce ta tsaya. Yana iya cewa batir ne. Mutum dubu sun kalla ba wanda ya lura. Ya ji idon Scholastica a ƙeyarsa.

"Da hannu na ɗaga ta, Baba. Sau bakwai tana kifewa. Na gaji, na ɗora ta, na yanke wurin."

"Wato ƙarya."

"Ƙarya ce, Baba."

Saje ya mayar wa 'yarsa wayarta. Sannan ya nuna bayan gida da haɓa, inda tarin duwatsun gini ke jiran ɗakin da aka yi shekara biyar ana cewa za a ƙara. Ruwan farkon damina ya zaizaye gindinsu. Tsayinsu ya kai ƙugu.

"Ga dutse. Hau in gani. Ba hannu."

Raphael ya sa batir, ya ɗaura rimot a wuya. Motar ta yi ɗan kuka, ta tafi kamar hawainiya. Tayar dama ta kama dutsen farko ta lotsa, ta hau. Ta hagu ta bi. Gindin motar ya murɗe, gaba na kallon gabas, baya na kallon kudu, amma ƙafa huɗun duk suna ƙasa.

"Iyakar gudunta ke nan?" in ji Malam Uba.

"Da ta fi haka. Na kai injin wurin mai gyaran fanka a Sabon Gari, ya sake naɗa shi. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru."

"Ikon Allah. Kai ne mutum na farko da ya kai mota a rage mata gudu."

"Yi shiru, Uba," in ji Saje. "Yaron ya san abu ɗaya."

Motar ta ci rabin tarin. Ta iso wani dutse mai faɗi da ya tsaya kamar bango. Ta ɗora hanci, ta miƙe tsaye, ta tsaya cak kamar tana tunani, sannan ta faɗo da baya ta gangaro, taya huɗu a sama suna juyawa.

Ya sake. Ta sake kifewa a wurin.

A karo na uku Raphael ya waiga, ya ga Saje a tsugune kusa da shi, duk da gwiwar da Scholastica ta ce ba ta lanƙwasuwa.

"Kana tunkarar dutse kai tsaye kamar rago. Ba a yin haka. A karkace ake zuwa, taya ɗaya ta fara gaisawa, sannan 'yar'uwarta. Kawo ta."

Ya ɗauki motar, ya ɗora cikinta a kan yatsa biyu. Baya ya rinjaya.

"Ka gani? Gaba ba nauyi. Ka zuba mata taya mai tsada ka bar ta da ƙaton gindi. Mu in hawa ya yi tsanani, buhun yashi muke ɗaurewa a gaba, can ƙasa."

"Na yi odar ƙarfen nauyi, Baba. Wata biyu bai iso ba."

"Oda." Saje ya yi tsaki.

Ya laluba aljihu ya fito da makullansa. Na ɗaki, na ƙofa, na akwati. Babu na mota. Tun da likita ya hana shi tuƙi saboda ido, shekara shida ke nan, abin da ya rage a zoben shi ne wani ƙaton noti da hannu ya goge har yana sheƙi.

"Na tayar gaba ne. Motar da na yi shekara goma sha tara a cikinta. Ranar da aka yi gwanjonta na kwance shi."

Mama Sarah, da ke shirin ƙara magana a kan mangwaro, ta rufe bakinta.

Malam Uba ya kawo siririn ƙarfen ɗauri daga gidansa. Raphael ya riƙe motar, Saje ya ɗaure notin a ƙarƙashin gaba, tsakanin taya biyu, ya murɗe da filaya. Ya sake auna ta a yatsa. Gaba ya sunkuya.

Raphael ya ajiye ta a gindin tarin. Kafin ya taɓa rimot ya ga hannu a gabansa, a buɗe. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa.

"Ina kulocin?"

"Babu, Baba. Wannan totur, in ka ja shi tafiya ce, in ka tura shi gaba birki ne da ribas. Wannan sitiyari."

"Mota ba kuloci. Duniya ta lalace."

Ya matsa. Motar ta yi baya ta daki kwanon ruwan kaji. Ya murɗa, ta haye kan takalmin Malam Uba ta tsaya.

"Saje, shekara ashirin da takwas ba ka taka kowa ba, sai yau ka fara da ni?"

"Kai ka tsaya a kan titi."

Batir na farko ya ƙare a zagayen tsakar gida. A na biyu, yatsun tsohon suka saba da rimot. Ya koma gaban tarin, ya tsuguna taku uku daga motar, inda idonsa ke gani sarai.

"Ɗauki bidiyo," ya ce. "Kuma kar ka yanke komai."

Raphael ya kafa wayar a ƙasa. Bai ga daidai ba, sai ya kwanta rubda-ciki a cikin ƙasa da farar rigar da ya kai guga takanas don wannan rana. Scholastica ta rufe fuska da gyale, tana leƙowa ta gefe.

Motar ta hau dutsen farko, ta hau na biyu. Malam Uba ya naɗe hannun riga, ya zagaya gaba ya zama yaron mota.

"Taho! Taho! Karya hagu! Ya isa! Oga, a sa weji a taya?"

"Ka taɓa ta in karya maka hannu."

Ta iso bangon. Saje bai tunkare shi ba. Ya ja baya kaɗan, ya karkata, ya kai tayar dama ita kaɗai. Ta kama. Ta hagu ta tashi sama tana laluben iska, tsawon numfashi ɗaya, biyu. A cikin wayar Raphael na ganin notin yana lilo, yana jan hancin motar ƙasa. Tayar ta sauko a hankali ta dafe dutsen. Cikin motar ya gogi gefe ya yi ƙara. Tayoyin baya suka zame, suka sake kamawa. Sai ga ta a sama, ƙafa huɗu a kan dutse, ba wanda ya taɓa ta.

Mama Sarah ta rangaɗa guɗa da ludayinta a sama. Malam Uba ya cire hula ya jefa. Kaji suka watse. Saje ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce, "Haka ake hawa," kamar wanda ba abin da ya faru, amma haƙoransa duk a waje.

Suka zauna a inuwar abin da ya rage na mangwaro, kai huɗu a kan waya ɗaya, Mama Sarah na leƙe ta saman kafaɗa. Dutsen ya fito kamar tsauni. Amma tun daga farko har ƙarshe akwai wani gurnani mai kauri a bayan hoton, yana hawa yana sauka, har da canjin giya.

"Wannan ƙarar fa?" in ji Scholastica. "Motar ba ta yin haka."

"Bakin babanki ne," in ji Mama Sarah.

"Ƙarya ce! Iska ce."

"Zan iya cire ƙarar, Baba," in ji Raphael.

"Na ce kar ka yanke komai."

Aka ci tuwo da miyar kuka, aka fasa kankana. Batir na uku ya ƙare a gardama tsakanin Saje da Malam Uba a kan wanda zai sauko da motar. Da la'asar ta yi sanyi, Raphael ya taya su ɗaga ƙofar aka mayar da ita mazauninta. Har lokacin ba wanda ya ambaci abin da ya kawo shi. Scholastica na wanke kwano ɗaya tun ɗazu.

Raphael ya tattara filaya da rimot ya sa a jaka. Ya nemi motar, ya gan ta a hammatar Saje.

"Baba, zan koma kafin keke ya yi wuya."

"Ka gaida gida."

Raphael ya dubi motar.

"Notina na jikinta," in ji Saje. "Bai taɓa kwana a waje ba."

"Sai in kwance maka shi, Baba."

"Ka kwance ta koma kifewa, ka koma ɗagawa da hannu? Ajiye rimot ɗin. Da cajar."

Saje ya karɓa, ya juya, ya shiga ɗakinsa da mota a hammata, ya turo ƙofa ta rufu. Raphael ya tsaya da jakar da ba komai a ciki sai filaya da matattun batir. Scholastica ta daina wanke kwanon.

Daga bayan ƙofar murya ta fito.

"Ranar Asabar ka turo manyanka. Ka ce su zo da wuri, don da la'asar za mu Bomo."