Da Sauƙi

Idan mutum biyu suka san gaskiya, kowannensu kuma ya san ɗayan ya sani, amma suka ci gaba da gaya wa juna akasinta, wa ake yaudara? Na juya wannan tambaya a raina har na gaji, ban samo mata amsa ba. Ni mai aski ne, karatuna bai yi nisa ba, ɗan abin da na sani a bakin masu zuwa aski na tsince shi. Amma ina jin ko masu dogon karatu sai sun yi jim kafin su amsa.

Mijin yayata ne ya jefa ni cikin wannan tunani. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Gyaran janareto da injin ruwa yake yi, mutum ne mai ƙaton wuya da murya kamar ta injinan da yake gyarawa. Tun ina yaro yake tsokanata, yana cewa da ya auri Yaya ni aka ba shi gyara. Tari ya fara, aka ce hayaƙin inji ne. Daga baya muryar ta dushe, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, ni na raka Yaya. Likita ya bar Injiniya a kan benci a waje, ya kira mu ciki. Ya ce ciwon ya fara daga huhu, ya bazu, ya kama maƙogwaro. Abin da ya rage shi ne rage masa zafi. Ya ce muryar za ta riga sauran jiki tafiya, don haka in akwai maganar da iyali ke son yi da shi, a yi ta da wuri. Ya tambaya ko ya gaya masa da kansa. Yaya ta ce a'a, ita za ta san yadda za ta yi.

Kafin mu buɗe ƙofa ta riƙe hannuna. Yaya ce ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, ban taɓa yi mata musu ba. Ta ce in yi mata alkawari ba zan gaya masa ba, ba kuma zan gaya wa 'yarsu ba. Na yi. Muka fito, ta ce masa likita ya ce sanyi ne ya yi masa yawa a ƙirji, magani zai kore shi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to madalla, ashe kuɗin mota muka ɓata.

'Yar tasu ita kaɗai Allah ya ba su. Tana koyarwa a wani gari mai nisa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Kullum da yamma in ta tashi daga aiki sai ta kira ta tambayi jikin babanta, Yaya ta ce da sauƙi. A miƙa masa wayar, shi ma ya ce da sauƙi, muryar ce kawai ta ƙi saki. Masu zuwa dubiya haka. Su tsaya a bakin gado su ce ya jiki, ya ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su ajiye lemo su fita. Wata rana bayan sun fita ya ce mini da ana tara sauƙin da yake bayarwa a rana, da yanzu ya isa ya ɗaga mota da hannu ɗaya.

Lokacin da yake iya takawa, ya lallaɓo shagona sau ɗaya. Akwai dogon benci a ƙofar shagon inda mutanen layinmu ke zama: Tela, da tsohon Hedimasta, da Mai Faci da ke gyaran taya a tsallaken titi. A kan bencin nan an sauke gwamnatoci, an sayar da 'yan ƙwallo, an raba auren da ba a ɗaura ba. Suka matsa masa, aka yi ta raha. Tela ya ce ramar ta yi masa kyau, yanzu yadi kaɗan zai ishe shi. Injiniya ya yi dariya har ta zama tari. Da tarin ya lafa sai ya ce yana da tambaya.

"In mutum ya ji a jikinsa tafiya ta zo, wa ya kamata ya fara gaya wa?"

Hedimasta ya ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan, baki shi ke yanka wuya. Tela ya ce ai irinsu Injiniya sai sun binne kowa a layin nan, mugu ba ya mutuwa da wuri. Aka yi dariya, wadda ta fi ƙarfin abin dariyar. Injiniya ya ce shi fa tambaya ya yi. Hedimasta ya ce rai da ajali na Allah ne, mai lafiya ma yana faɗuwa ya bar majinyaci, a bar zancen. Nan take wani ya tuno wasan ƙwallon jiya. Mai Faci kaɗai ne ya bar bencin. Ya tashi ya tsallaka titi, ya zauna kusa da tayoyinsa alhali babu mai jiransa.

Da yamma ina share gashi sai ga Mai Faci ya dawo. Matarsa ta rasu bara, duk mun je mun yi masa ta'aziyya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza baƙin hannunsa, ya ce tun da ta rasu babu wanda ya ƙara ambatar sunanta a gabansa. In ya fara zancenta sai a ce ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin ya yi, zancen ne bai samu wanda zai yi da shi ba. Na buɗe baki, sai na ji kalmar haƙuri ce ke shirin fitowa, na rufe.

Bayan wannan Injiniya bai ƙara fita ba. Ni nake zuwa in yi masa aski a gida. Ɗakin ƙarami ne, gado da kujera ɗaya da fanka mai ƙara, kwalaben magani jere a kan taga. Yaya ta cire madubin da ke jikin bango, ta ce ƙusar ce ta yi sako-sako. Nakan jingina shi da filo, in ɗaura masa tawul, in shafa kumfa. Fatar kumatunsa ta saki, sai na ja ta da yatsa kafin reza ta bi.

Wata rana ina tsakiyar gyara masa gemu, Yaya tana kicin, ya kama hannuna. Muryar ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa, sai na sunkuya.

"Gyara, me likita ya ce muku?"

Reza na hannuna, alkawari na wuyana. Na tsaya ina kallon kumfar da ke bushewa a haɓarsa. Ban ce sanyi ne ba, ban kuma faɗi ɗayar ba.

Ya saki hannuna. Ya ce in bar shi, shirun ya isa. Ya ce shi da ya yi shekaru yana sa kunne a jikin inji ya faɗi abin da ya lalace a ciki, ai ba zai kasa jin nasa ba. Ba tsoro ne ya fi damunsa ba, ko da yake akwai tsoron. Abin da ke damunsa, yana kwance a tsakiyar mutane amma kamar an kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Abu ɗaya yake so: 'yarsa ta zo tun yana da sauran murya. Na ce to me ya hana ya gaya mata da kansa in ta kira. Ya rufe ido. Ya ce ya gwada. Da ya ji ta ce Baba, sai bakinsa ya ce da sauƙi kafin shi ya yanke shawara. Kuma ba ya son ya tsallake uwarta, kada ya tafi ya bar su da wannan a tsakaninsu.

Na sami Yaya a kicin tana tace masa ruwan zafi. Na ce mata ya sani. Ta ce bai sani ba, zato yake yi, zato kuma ba ya kisa. Na ce a kira yarinyar. Ta ce ranar da ya ga 'yarsa ta baro aiki ta shigo da jaka, ranar zai tabbatar, daga nan sai ya saki. Na ce Yaya, ko ya saki ko bai saki ba. Ta ajiye kofin da ƙarfi.

"Kai yaro ne lokacin Inna, ba ka san komai ba. Ni na gaya mata abin da likita ya ce, don na ɗauka gaskiya ta fi. Ta juya fuska bango, ba ta ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna ba. Ba zan sake ba."

Ban taɓa jin wannan ba. Lambar yarinyar tana cikin wayata, babu abin da ya hana ni fita waje in kira ta sai alkawari, da kuma wannan da na ji yanzu. Na yi kwanaki ina auna abin. In na kira, na ci amanar wadda ta raine ni, kuma wa ya sani ko ita ce da gaskiya. In ban kira ba, ina kallo muryar mutum tana ƙarewa da magana a cikinta. Kowane ɓangare na ɗora a sikeli sai ya rinjayi ɗayan. Ina aski ina tunani, har na yanki Hedimasta a bayan kunne. Na gwada tayar da zancen a benci, ba tare da na kama suna ba. Tela ya ce tunani zai kashe ni kafin ciwo ya kashe kowa.

Muryar ta ci gaba da tafiya. Ya koma in zai yi magana sai ya huta tsakanin kalma da kalma. A waya ma da sauƙin ba ta fita sosai, Yaya ke karɓa ta ce barci yake ji.

Ran nan da la'asar ina wurin, sai ga Mai Faci ya zo dubiya, ya wanke hannu ya sa riga mai tsabta. Bai ce ya jiki ba. Ya ja kujera har jikin gado ya zauna, ya ce tambayar da Injiniya ya yi a benci ta hana shi sukuni. Ya ce shi bai san amsarta ba, amma ya zauna kusa da mai tafiya, in ana so zai faɗi abin da ya gani. Injiniya ya gyaɗa kai.

Sai ya fara. Ya kira sunan matarsa. Ya faɗi yadda ta daina cin abinci, yadda barci ya yi ta ƙaruwa, yadda zafin ya ragu daga ƙarshe ba kamar yadda suka ji tsoro ba. Injiniya ya tambaye shi, da kyar, ko ta firgita. Ya ce da farko, daga baya kuma gajiya ta fi tsoron yawa.

Yaya ta shigo da tire. Ta ji abin da ake faɗa, fuskarta ta canza. Ta ce Malam, majinyaci aka zo dubawa ko makoki aka zo yi, don Allah ya tashi. Mai Faci ya yunƙura zai miƙe. Injiniya ya miƙo hannu ya kama wuyan hannunsa. Babu ƙarfi a riƙon, ko yaro zai fizge, amma Mai Faci ya koma ya zauna. Bai dubi Yaya ba, ƙasa ya duba. Ya ce saura abu ɗaya ya faɗa ya tafi.

"Matata ta yi ta cewa in zauna tana da magana. Ni kuma in ce ta bari sai ta warke. Ranar da na zauna, bakin ya riga ya rufe. Tana kallona, ina kallonta. Har yau ban san mene ne ba."

Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Fanka tana ta ƙara. Yaya na tsaye da tire. Injiniya ya ɗago ido ya dube ta, ya motsa baki. Abin da ya fito iska ce kawai. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ba mu ji komai ba. Na matsa zan sa kunne, ya girgiza kai. Ba ni yake so ba.

Mai Faci ya yi sallama a hankali ya fita. Yaya ta ajiye tiren a ƙasa. Ba ta zauna a kujera ba, a bakin gado ta zauna, ta juya mini baya. Na rasa ko in fita ko in tsaya, na tsaya a jikin ƙofa riƙe da jakar askina. Ta sunkuya ta kai kunnenta bakinsa. Ta daɗe a haka. Ban san ko ta ji wani abu ba, ban kuma tambaye ta ba.

Wayarta ta yi ƙara a kan taga, tsakanin kwalaben magani. Lokacin tashin yarinyar daga aiki ne. Yaya ta bar ta har ta kusa tsinkewa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauka. Ɗakin shiru, ina jin muryar yarinyar ƙasa-ƙasa tana gaisuwa, tana tambayar jikin Baba.

Yaya ta ɗora ɗaya hannun a ƙirjin mijinta. Sannan ta ce, a gabansa, yana ji:

"Babu sauƙi, 'yata. Ki nemi izini a wurin aiki, ki kamo hanya gobe da safe."