Ƙuda a Kunnen Hagu

Injiniya ake ce masa a unguwa, alhali ko bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba. Kiɗa yake haɗawa a kwamfuta. A ɗan ɗakin da ke bayan kicin yana da makaɗa sittin, masu goge, masu sarewa, masu ƙaho, da wata ƙatuwar ganga, kuma babu mai rai ko ɗaya a cikinsu. Matarsa kan leƙo ta ce, "Baban Auta, sallami aljanun nan naka, abinci zai huce."

To, kiɗan kwamfuta a bushe yake fitowa, kamar a kan hancinka ake goga gogen. Sai an sama wa makaɗan ɗakin zama. Abin da yake yi shi ne, ya je babban zaure lokacin da ba kowa, ya kafa makirfo biyu, na hagu da na dama, ya hau dandamali ya fasa balan-balan. Tas! Amon da bango da rufi suka dawo da shi, shi yake ɗauka. Kwamfuta ta lulluɓe kowane makaɗi da wannan amo, shi kuma ya bi su yana zaunarwa: masu goge hagu a gaba, masu ƙaho dama, ganga can ƙurya inda amo ya fi kauri. In ka rufe ido sai ka rantse a cikin zauren kake.

Bara ya ɗauki amon zauren makarantarsu Auta. Bana aka roƙe shi ya haɗa kiɗan ranar yaye ɗalibai, ga Auta a cikin waɗanda za a yaye, sai ya koma ya sake ɗauka tunda an canza kujeru. Ranar a gurguje ya yi komai. Jan tef ɗin da yake naɗawa a wayar makirfon dama don shaida ya ɓare a cikin jaka, ya lalubo shi ya mayar. Ƙa'idarsa kuwa, kafin ya fasa balan-balan sai ya ƙyasta yatsa a bakin makirfon dama ya tabbatar na daman ne. Amma mai gadi na tsaye a kansa yana kaɗa makullai.

"Injiniya, don Allah fasa abin nan naka mu tafi, ana jirana a gida."

Ya fasa, ya naɗe kayansa.

Washegari da hantsi ya ɗora makaɗansa a cikin sabon amon. Goge ya shigo lafiya lau. Da ganga ta buga, sai ya ji wani abu siriri ya biyo bayanta, zzzz, kamar ƙuda a cikin kwalba, a kunnen hagu, can baya. Ya ce lasifika ce ta yage, ya canza. Yana nan. Ya sa lasifikar kunne. Yana nan. Ya ɗauko amon bara ya buga gangar a ciki, tas, ba ƙuda ba dalilinsa.

"Ke, zo ki ji wani abu."

Matar ta saurara, ta taɓe baki. "Ni ganga kawai nake ji."

"Kunnuwan nan naki na rataya ɗan kunne ne kawai."

"Naka kuma har tafiyar tururuwa suna ji, shi ya sa ba ka ƙiba."

Bai yi dariya ba. Ya ce mata ɗaki ba ya ƙarya. Bara babu wannan ƙarar, bana akwai. Wani abu ya saki a rufin zauren, yana kaɗawa duk lokacin da sauti mai nauyi ya doke shi. Kuma a can bayan zauren ta hagu ɗalibai suke jeruwa kafin a kira su dandamali.

Bai ko taɓa abincin ba ya nufi makarantar. Shugabar mace ce mai haƙuri, ta biyo shi zauren, suka ɗaga kai tare. Rufin siminti ne, an shafe shi da sabon fenti fari fat, hagu da dama duk ɗaya.

"Baban Auta, ni ban ga komai ba."

"Malama, ba gani ake yi ba, ji ake yi."

"Saura kwana uku, an riga an raba katin gayyata. Masu duba gini sai bayan hutu za su zo. In ce wa iyaye me? Wani ya ji ƙuda a kwamfuta?"

Ya marairaice, ya haɗa ta da Allah. Daga ƙarshe ta ce to, za a zagaye bayan hagu da igiya, kowa kada ya zauna, ɗalibai su koma bayan dama su jeru. Ya yi ta godiya kamar ta ba shi kyautar gida. A hanya har yana jin kansa, wai kunnensa ya yi rana.

Ranar taro, ƙarfe goma na safe, zaure ya cika ya batse. Injiniya na zaune a teburinsa a tsakiya, yana fuskantar dandamali. A hagunsa kujeru ne wayam a bayan igiya. A damansa yara arba'in cikin fararen kaya, Auta ta uku a layi, tana ɗago masa hannu a ɓoye. Matarsa na can gaba cikin iyaye. Shugabar ta yi masa alama, ya danna.

Goge ya taso daga hagu, sarewa ta amsa, ƙaho ya shigo ta dama, mutane suka yi tsit. Sai ganga ta buga ta manyan lasifikun zauren, har ƙasa ta amsa.

Zzzz.

Wannan karon ba a kwamfuta ya ji ba, da kunnensa ya ji. Kuma ta dama ta fito.

Ya juya a hankali. Jan tef ɗin nan ya faɗo masa a rai, da hannunsa a cikin jaka yana lalube, da makullan mai gadi, da yatsan da bai ƙyasta ba. A wayar hagu ya manna shi. Tun ranar, hagun kwamfutarsa daman zauren ne. Da bakinsa ya roƙa, har da haɗawa da Allah, aka kwashe yaran daga inda ba komai aka jera su a ƙarƙashin abin.

Innalillahi. Ya kai hannu ya kashe kiɗan. Zauren ya yi shiru, amma ƙudan bai yi shiru ba. Wani farin gari na zubowa siriri a kafaɗar Auta, ta sa hannu ta kakkaɓe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Shi ya san abin da balan-balan ɗaya ke yi wa ɗaki. Nan kuwa mutum ɗari uku ne, duk sun ɗauka kiɗa ya ƙare, sun fara gyara hannuwa. Ya miƙe, kujera ta kife a bayansa.

"Kada kowa ya tafa! Don girman Allah, kada..."

A kan dandamali, shugabar tana murmushi, ta riga ta haɗa tafin farko.