Littafin da Tela Ya Yanka

Duk wanda ake yi wa wankin ƙoda ya san hannu ɗaya gare shi. Ɗayan na inji ne. An soka masa allurai, jini na fita ta roba yana dawowa, in ka kuskura ka lanƙwasa shi injin ya hau ihu har sai Sista ta zo. To da hannu ɗaya ba a riƙe littafi mai kauri. Shi ya sa muke yanka namu.

Tela ne ya kawo dabarar. Dattijo ne siriri mai faɗan tsiya, kujerarsa ce ta jikin taga, dab da tawa. Ya ga ina kokawa da wani ƙaton littafin labari yana faɗo mini a ƙirji, sai ya karɓa ya tafi da shi gida. Ya sa masa reza ta baya, ya raba shi kashi-kashi, ya bi kowane kashi da ɗinkin keke. Da na gani saura kaɗan in yi kuka, don littafin sabo ne fil. Amma tun daga ranar haka muke yi. Shi ke fara karantawa saboda ya fi mu sauri, ya miƙo mini, ni in miƙa wa Direba, Direba ya miƙa wa Ungozoma. Labari ɗaya ne, kowa na wuri daban a cikinsa, kuma na gaba ba ya faɗa wa na baya abin da zai tarar. Ra'ayi ne kawai ba a hana kowa, shi ke cinye mana dogon zaman.

Ranar da nake ba da labari, kujerar Tela babu kowa. Wancan zuwan ma bai zo ba. Mu da ke cikin abin mun san me hakan ke nufi. Fashi ɗaya ƙafa ta kumbura, fuska ta haye. Fashi na biyu ruwa ya fara neman ƙirji, numfashi ya gagara. Na uku ba a cika ba da labarinsa ba.

Na tambayi Sista tana liƙa mini filasta. Ta ce ita dai an kira wayarsa ba a ɗauka ba, ta wuce kan Direba. Na buɗe kashin da ke hannuna na karanta layi ɗaya sau ba adadi, ban san me ya ce ba. Idona na kan ƙofa.

Littafin labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji jirgin fito daga ubansu. Babban ya yi tafiya, ƙaramin ya sayar da jirgin a bayan idonsa ya bar garin. Ni tun daga nan na tsani ƙaramin. Tela kuwa shi ne lauyansa, kullum sai mun yi.

Direba ne ya fara magana a ranar, don shi shiru ba ya zama a bakinsa. Ya ɗaga takardunsa ya kaɗa.

“Wannan marubucin bai taɓa buɗe inji ba tunda aka haife shi. Wai injin jirgi ya sha ruwa, sun ja igiya sau ɗaya ya tashi. A gidan wa?”

“Kai da ake zancen 'yan'uwa sun ɓata, inji ne ya dame ka?” in ji Ungozoma. Tsohuwa ce mai jiki, ta karɓi haihuwar rabin mutanen da take gaisawa da su a hanya, ba ta kuma tauna magana. “Ni abin da ya ba ni haushi matar babban. Ta haihu da safe, da yamma wai tana bakin ruwa tana wanki. Namiji ne ya rubuta wannan, ko ba a gaya mini ba.”

“Sunan mace ne a bangon, Inna,” in ji Direba.

“To ba ta haihu ba.”

Na yi dariyar da ba ta wuce leɓena ba. A nan ne da Tela zai tsoma baki ya ce mu duka ba mu iya karatu ba, muna kallon zare mun bar riga. Babu wanda ya faɗa. Sai ƙarar injuna, da takalmin Sista a ƙasa.

Direba ya juyo wajena. “Ke fa, Mai Shago? Yau ba ki zagi mutumin naki mai sayar da jirgi ba.”

“Wa zan zaga wa?” na ce. “Zagi ba mai rama masa ai ɓata baki ne.”

Ya kalli kujerar Tela, ya kawar da kai. Ungozoma ta gyara bargonta ta ce wataƙila mura ce. Ta san ba mura ba ce, mu ma mun sani. Aka buɗe ƙofa na ɗago kai da sauri, ashe mai shara ce. Aka sake buɗewa, likita ne ya leƙo ya koma. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya, na motsa hannu ban sani ba, injin ya ɗau ihu. Sista ta zo ta kashe ta harare ni, ta ce in zan yi rawa in jira a cire ni.

Can sai ga matar Tela ta shigo. Na san ta, ita ke rako shi ta zauna a benci a waje. Hannunta riƙe da leda, cikin ledar ina hango farin zaren ɗinkinsa a gefen takardu. A ɗakin nan in iyalin mutum suka dawo da kashin littafin da ke hannunsa, ba a tambayar komai, sai dai a yi masa addu'a. Haka aka yi mana da mai gyaran agogon da ke kujerar Direba a da. Ungozoma har ta fara salati.

“A'a, a'a, yana nan da ransa,” matar ta ce da sauri. “Yana waje, cikin motar ɗanmu.”

“To me yake yi a mota, Yaya?” na ce.

Ta ajiye mini ledar a cinya. Idanunta sun yi ja. “Ya ce in kawo miki wannan, shi ne na ƙarshe. Ya gama littafin. Ya ce ya gaji, ƙanwata. Ya gaji da allura, ya gaji da auna ruwan da zai sha a murfin kwalba kamar magani. Wai dama abin da ke kawo shi ya ga yadda za ta ƙare da yaron nan mai jirgi, to ya gani. Da ƙyar muka sa shi a mota, shi ma don na ce ba zan kawo ledar ni kaɗai ba.”

Sista ta ji, ta fita. Ba ta daɗe ba ta dawo tana girgiza kai. Ta yi masa bayanin ruwa da zuciya, ya ce ya gode, ya ɗaga gilashi. Ɗansa ya roƙe shi, matarsa ta yi kuka tun jiya, duk ya ji.

Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tsoro. Mutum ya yanka maka littafi, ya koya maka zaman wurin nan, sannan ya aiko maka da leda? Ga ni ɗaure da inji, ko miƙewa ba zan iya ba, shi kuma yana nan bayan bango ɗaya. Direba ya ce a je a ɗauko shi da ƙarfi. Ungozoma ta ce a tuna masa jikokinsa. Matar ta ce duk an yi.

Na dubi ledar. Karatuna bai iso nan ba, akwai kashi guda tsakanina da na cikin ledar. Na zaro takardun na buɗe shafin ƙarshe, na kafa masa ido ba tare da na bar kalma ɗaya ta shiga kaina ba, na rufe.

“Yaya, koma ki gaya masa na karanta ƙarshen.”

“Yanzu-yanzu?”

“Ki ce na tsallake na karanta. Ki ce masa yaron nasa ɓarawo ne tun farko har ƙarshe, marubuciyar ma ta yarda da ni. Ki ce na ce wanda ya kare shi bai fahimci littafin ba, shi ya sa ya ji kunyar shigowa.”

Ta zaro ido. “Mutum yana wannan hali in gaya masa haka?”

“Kar ki rage ko kalma. Ki ƙara da cewa Direba da Inna duk sun goyi bayana.”

“Ni ban ma kai inda aka sayar da jirgin ba,” in ji Ungozoma.

“Kin goyi bayana, Inna.”

Ta dube ni, ta dubi matar. “Na goya.”

Matar ta fita tana waiwaye. Ban taɓa jin zama ya yi mini tsawo irin wannan ba. Na shiga tunanin in na yi kuskure fa? In maganar ƙarshe da zai ji daga bakina ke nan? Ban san me ke cikin shafin nan ba. Wataƙila ma yaron ɓarawon ne da gaske, Tela ya ji ya gyaɗa kai ya ce a ja mota. Bakina ya bushe, ga shi ba halin in sha ruwa. Direba yana ta buga yatsu a hannun kujera har sai da Ungozoma ta ce ya bari ko ta jefe shi da takalmi.

Muryarsa muka fara ji kafin mu gan shi, tana yankewa saboda haki.

“Wane shafi? A tambaye ta wane shafi!”

Ɗansa na riƙe da shi ta gefe guda, matarsa ta ɗayan. Fuskarsa ta kumbura har idanun sun shige, ƙafafun sun fi ƙarfin takalmi, silifas ya sako. Ya tsaya a kaina yana numfashi sama-sama yana nuna ni da yatsa.

“Ke ba ki karanta komai ba. Ɓarawo? Ƙasan jirgin ya ruɓe! Ya gaya wa wansa, wan ya ƙi ji. Da bai sayar wa masu katako ba da wan ya nutse da mutane cike. Ya gwammace a tsane shi. Yana nan a rubuce, baƙi a kan fari!”

“Ka ɓata mana!” Direba ya yi ƙara. “Baba, ka ɓata mana littafi!”

“Ita ta ja!”

“Ni dai ban gamsu ba,” na ce. “Me ya hana shi tsayawa ya yi bayani? Guduwa ya yi.”

“Bayani ga wa? Ga wanda ba ya ji? Bari in zauna, ke sai an bi da ke a hankali.”

Ya zauna. Sista, Allah ya yi mata albarka, ta matso nan take. Ta naɗe masa hannun riga tana goga auduga yana ta magana, ta soka allurar farko yana kan zancen ruɓaɓɓen katako, ko ƙifta ido bai yi ba. Injinsa ya tashi. Matarsa ta jingina da bango ta rufe fuska da mayafi.

Ya yi faɗansa har ya gaji. Ni kuma duk inda ya ɗaure sai in kwance, da gaskiya da ƙarya. Da ya yi shiru na ɗauka barci ya yi. Sai ya juyo da kai, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

“Na san abin da kika yi, ƙanwata. Yau dai na shigo. Na gaba ban yi miki alkawari ba.”

Ya lumshe ido. Na daɗe ina kallon jininsa yana zagaya robar. Sannan na juya wajen Direba na tambaye shi ko yana da wani littafin a gida.

“Akwai wani, amma ba shi da daɗi ko kaɗan. Ga uban kauri.”

“Kawo shi,” na ce. “Ka ba Tela a hannunsa, ka ce ni na ce ban taɓa karanta wanda ya kai shi daɗi ba.”