Akurkin Goggo Larai

"Ba inda za ni sai an yaɓe akurkin ga," in ji Goggo Larai, ta riƙe ƙafar gado gam awa wadda za a sace.

Tun da hantsi ɗanta Ja'afar yaz zo Goronyo daga Sakkwato don shi kai ta asibiti, ga shi har an yi azahar. Yal leƙo ta kan katangarmu, idanunai jawur.

"Salima, don Allah taho ki yi mata magana. Numfashinta sama-sama, amma ita ta kaji taka yi."

Wai ni anka kira! Ni da kajin Goggo ba mu ga maciji. Shekara da shekaru suna tsallako katanga suna watsa min shanyar shinkafa, in na yi ƙorafi ta ce, "Baƙinki na, Salima, ba a korar baƙo da tsintsiya." Amma tsohuwar ga ita tak karɓi haihuwata duka, ina sonta ko da muna faɗa. Niz zura takalmi.

"Goggo, tashi ku tafi. Akurki ba shi gudu."

"Shi ɗarin jirana shika yi? Ba ki ji sanyin gulbi ba yau da asuba? Bango ya tsage, ƙofa ta ɓalle, ga kazar can wake-wake, tsakinta ko fiffike ba su yi ba."

Na san halin kayata. Gardama da ita sai ta kai mu isha'i, yaɓe kuwa bai wuce la'asar. Nic ce ma Ja'afar shi tuɓe shaddar nan shi naɗe wando. Munka kwaɓa laka da ƙaiƙayin shinkafa, shina takawa ina yaɓawa. Goggo tas sa anka fiddo ta bisa tabarma, tana tari tana ba da oda.

"Ja'afar, taka da kyau, ba rawa nic ce ka yi ba! Salima, bar musu 'yar kafa daga sama, kada ki toshe musu numfashi. Ki zuba toka ƙasa saboda ƙuma, ki rataya buhu ga ƙofa."

Bayana ya gaji, bakina kuma bai iya shiru.

"Wai Goggo, wahalar ga ta mi ce? Duk unguwa an san in ɗari ya shigo, ƙarƙashin gadonki kajin ga ka kwana. Yaushe rabon akurkin ga da kaza da sanyi?"

Tad dubi Ja'afar, wanda ya ba mu baya shina fama da laka, sannan tar rage murya.

"Bana ɗakin rufe za a yi. Ke dai yaɓa, kada ki bari shi ji."

Nan nig gane nufinta. Hawaye sunka zubo, nis share da bayan hannu, laka duk ta ɓata min fuska.

"Dube ta," in ji Goggo tana dariya. "Bango anka ce ki yaɓe, ba kumatu ba."

Ana kiran la'asar munka gama, munka naɗe akurkin da tsohuwar zana. Da ƙafarta tas shiga mota, ba gardama. Tam miƙo hannu ta taga tar riƙe nawa.

"A rufe su kafin magariba. Shinkafarki da sunka ci, ki yafe muna."

"Na yafe, Goggo. Ni ma ki yafe ni."

"Har da jifan tsintsiya? To, sai na yi shawara."

Ran Juma'a Allah Yak karɓi abinSa can asibiti. Anka maido ta gida, anka yi mata sutura. Ranar ce kuma sanyi yas sauka na gaske. Kwanakin da ba ta nan kajin sun riƙa shiga akurki da kansu, amma da masu gaisuwa sunka watse nij je rufe su, sai nit tarad da shi wayam.

Suna bakin ɗakinta. Sun jeru ga dokin ƙofa, wake-waken ta rufe tsakinta da fiffike, ta manne da ƙyauren da anka sa ma kwaɗo.

"Ba ta nan," nic ce musu. "Ku taho."

Nik kwashe tsakin cikin haɓar zanena, nis saƙale uwar ga hammata, sauran sunka biyo ni har akurki, nis sa su ciki. Da nis saki buhun ƙofa ban iya tashi ba. Nid durƙusa nan cikin sanyi, tafin hannuna bisa bango, har tsiyu-tsiyun da ke ciki yal lafa.