Gyara Sai Wanda Ya Karanta

A shekarun da kowa a Douala ba shi da zance sai "la crise", wato matsin tattalin arziki, aka sallami Zailani daga kamfanin da ya yi shekara goma sha huɗu yana buga takardu. Ya dawo gida unguwar New Bell da kujera ɗaya da ɗaurin tsofaffin jaridun Faransanci har bakwai.

Matarsa Delu ta dubi tulin ta ce, "Alhamdulillahi, Malam, na samu abin ƙunshe ƙosai."

Ta kafa kasko a bakin lungu, kan hanyar 'yan lekol, wato 'yan makaranta.

'Yarsu Raudatu tana aji biyu, amma har lokacin ba ta iya haɗa baƙi ba, littafi kuwa ya fi ƙarfinsu. Wata safiya Delu ta ga yarinyar tana bin manyan baƙaƙen ƙunshinta da yatsa.

"Plu... pluie. Inna, ruwan sama aka rubuta!"

Delu ba ta taɓa shiga lekol ba, sai ta ƙwala wa mijinta kira. Ya leƙa takardar ya ce daidai ne. Daɗi ya kama Delu, ta tsamo ƙosai mai zafi ta ƙara wa yarinyar.

Washegari ta kafa doka: duk yaron da ya karanta layi ɗaya a ƙunshinsa, yana da gyara. Zailani, wanda ya yi makonni ba ya son fita, ya jawo kujerarsa ya zama alƙali. Kafin wata guda yara sun fara rigima a kan shafin ƙwallo. Ilu tela ma yakan ajiye almakashi ya zo a karanta masa, ko da wasan ya shekara biyu da wucewa.

Wani yaro, Affan, ya yi kwana uku yana zuba karatu ba gargada. Rana ta huɗu Delu ta riƙe hannunsa, ta nuna hoton da ke jikin takardar.

"Kai, wannan mai gashin bakin ai na san shi. Tun Litinin kake dawo mini da shi!"

Ashe haddacewa ya yi. Aka yi ta dariya, ta yaga masa sabon shafi. Sai da ya yi gumi kafin ya fitar da kalma uku, ta ba shi gyaransa.

Ran nan sai ga Madam Hadija, malamar ajin Raudatu, riƙe da takardu masu maiƙo. Ta tsaya a gaban Delu.

"Ke ce kike cika mini aji da ƙanshin ƙosai?"

"A yi haƙuri, Madam."

"Haƙurin me? Yara tara da ba sa buɗe baki yanzu suna ɗaga hannu. Jarida na zo roƙo."

Ta tafi da ɗauri biyu, ta kuma nemi Zailani ya riƙa zuwa duk Laraba yana karatu da yaran. Ranar farko tun da sassafe ya goge rigarsa ya fita. Delu ta dubi layin yaran da ke jira, ta ɗora Raudatu a kan kujerar.

"Yi musu alƙalanci, amma ki ɗaga murya, ni ma ina saurare."