Kurciyar Yaya da Kyamarar Auta

Tun da Auta ya yi ritaya ya sayo wata kyamara mai dogon hanci, Yaya ta daina jin daɗin bayan gidan. Su biyu suka rage a gidan mahaifinsu. Ita mijinta ya rasu ta dawo, shi kuma matarsa ta gaji da halinsa ta koma wurin 'ya'yanta. Furfura ta cika masa kai amma har yau Auta ake kiransa, kuma wallahi halin autan bai sake shi ba, abin da ya so shi za a yi.

Tsuntsayen na Yaya ne, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Ita ke tashi da sassafe ta zuba tsakin gero a wani tsohon faranti ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, ta wanke kaskon ruwa ta cika shi. Ba banza ta zaɓi gindin lemon ba. Rassansa sun sauko ƙasa-ƙasa, ga ƙaya, da inuwa ta gifta a sama kowa zai yi wuf ya shige ciki. Kanari na zuwa, marai na zuwa, ga 'yan mitsi-mitsin jajayen nan, baiwar Allah, da har ɗakinta suke shiga. Sai kuma Gurguwa, wata kurciya da ta tsinta zare ya nannaɗe mata ƙafa har ya ci nama. Ta yanke zaren da almakashi, ta yi jinyarta a kwali. Ƙafar ta warke a karkace, kurciyar kuma ta ƙi barin gidan. Da Yaya ta kaɗa faranti za ta sauko tana ɗingishi, sai ta fara ci sauran suke sakin jiki su biyo ta.

Auta ya kafa kujera a tagar ɗakin ajiya, ya ja labule, hancin kyamarar kaɗai ke leƙowa. Daga nan ya fara mulki. Da damina marai suka yi rawaya gwanin kyau, ya ce igiyar shanyar Yaya na ɓata masa hoto. Ta kwance ta. Ya ce takalminta na ƙara. Ya ce tarinta ya korar masa kanari. Mutumin da bai taɓa sunkuyawa ya ɗauraye kasko ba, shi ne ke tura hotuna a waya yana rubuta "tsuntsayena", abokansa na ta sa masa albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaya ta tsani kalmar nan ta "tsuntsayena" har cikin ranta, kuma ba ta ɓoye ba. Ta gaya masa ranar da ya san inda buhun tsaki yake a gidan, ya zo su yi maganar masu tsuntsaye.

Da kaka abinci ya wadata a waje, baƙin suka ragu, Auta ya wuni yana kumbure-kumbure kamar ita ta sallame su. Lokacin sanyi kuwa suka dawo a takure, gashi a tashe, sai ya ɓullo da sabon ƙorafi: wai gindin lemo duhu ne, hoto ba ya fita. Ya kira kafinta aka kafa masa wani gungume tsakiyar fili, fetal, ba ganye ba reshe, inda hasken safe ke sauka. Ya ɗora farantin a kai. Yaya ta sauke ta mayar. Ya sake ɗorawa, ta sake saukewa. Suka kwashe sanyin nan kaf ana zaman doya da manja, ko gaisuwar kirki babu. Abin da ya fi ba shi haushi, ko ya zuba tsakin da hannunsa babu tsuntsun da ke kula shi. Gurguwa sai ta zauna kan katanga ta karkace kai tana kallonsa, sauran kuma ba sa sauka sai ta sauka.

Bazara ta shigo da zafinta, ruwa ya yi wuya, duk wani mai fiffike a unguwar ya san kaskon Yaya. A nan ne ta fara ganin shaho kan tankin ruwan maƙwabta, zaune shiru kamar ba shi da wata manufa. Ta je har bakin tagar ta faɗa wa Auta, ya ce shi bai ga komai ba, ido ne ya fara yi mata gardama.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofar ɗakinta da safe, ya rusuna ya gaishe ta, abin da rabon da ya yi har ta manta. Ya tambayi gwiwarta. Ya ce ya yi tunani, duk rigimar nan ba ta da amfani, shi ne da laifi. Alfarma ɗaya yake nema: ta ɗora farantin kan gungumen sau ɗaya tak, ya ɗauki Gurguwa a haske, ya wanke hoton ya sa mata a firam, daga nan a tumɓuke gungumen a yi itace da shi. Yaya ta san ruwa ba ya tsami banza. Amma ƙaninta ne, ita ta goya shi, kuma tana son hoton nan, ba ta da ko ɗaya na kurciyarta. Ta leƙa tankin maƙwabta, babu kowa a kai.

Ta ɗora farantin, ta kaɗa shi. Gurguwa ta yi jim a kan katanga, ta dubi filin, ta dubi Yaya, sannan ta sauko. Yaya ta ja da baya ta tsaya jikin tagar ɗakin ajiya. Tana nan tsaye ta ga ƙananan tsuntsayen sun watse lokaci ɗaya, ta ɗaga kai ta hango shahon yana tahowa ta bayan rufin. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai hannun Auta ya fito ta labule ya damƙe mata hannu.

"Yaya, shiru!"

Ɗan shirun nan da ta yi don mamaki ya isa. Shaho ya doki kurciyar, faranti ya kife, gashi ya tashi. Abin da kunnenta ke ji kawai ƙarar kyamara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ba tsayawa. Shahon ya danne ta kan gungumen ya buɗe fukafukai, sannan ya tashi da ita, karkatacciyar ƙafar na reto.

Auta ya fito yana rawar jiki, baki har kunne, yana duba bayan kyamarar. Ko kallon fuskarta bai yi ba, ya miƙo mata wai ta ga ikon Allah.

Ta ce, "Ka san yana nan."

"Haba Yaya, abincinsa ne fa. Shi ma Allah ya halicce shi."

"Ka san yana nan, kuma ka san ba za ta sauko maka ba. Shi ya sa ka gaishe ni."

Ya yi tsaki, ya ce kurciya ce fa ba mutum ba, gobe wasu goma za su zo, irin wannan hoton kuwa wani sai ya mutu bai samu ba. Yaya ta tsane shi a lokacin nan, tsana ta gaske, irin wadda ba ta taɓa zaton za ta yi wa ɗan uwarta ba. Ta kuma tsani hannunta da ya kaɗa farantin.

Washegari tsuntsayen suka taru kamar kullum, lemon ya cika da surutu, Auta na bayan labulensa. Yaya ta fito da murfin tukunya da muciya. Ta fara kifar da kaskon ruwa, sannan ta shiga bugawa da iyakar ƙarfinta, tana kora tana zagi, hawaye na bin fuskarta. Bishiyar ta yi fayau. Auta ya leƙo yana tambaya ko ta haukace ne, ba ta ko juyo ba. Suka dawo da hantsi, ta sake korarsu. Haka ta yi washegari, da wanda ya biyo baya, cikin zafin nan da ta san ba su da wani wurin shan ruwa.

Marai suka fara ɗaukewa, kanari suka bi su. 'Yan baiwar Allah ne suka ƙi ganewa. Sai su sauko bakin ƙofarta suna tsalle-tsalle suna jiran tsaki, murfin tukunya ba ya ba su tsoro don sun san ta. Dole ta cire takalminta ta jefe su, kuma ta auna sosai don su yarda da gaske take.