Wanda Ba a Taɓa Tarewa Ba

A Tungar Kirya, laifin Sha'aibu mai ƙwan zabi ɗaya ne tak: ba a taɓa tare shi a hanya ba.

Kowa a garin yana da tabonsa. Wani an ɗauke masa ɗa a gona, wani an ƙwace masa babur a hanyar Ƙaura, direban da ke jigilar mutane zuwa Zurmi har yau da ɗingishi yake tafiya. Shi kuwa Sha'aibu, duk ranar kasuwar Shinkafi zai jera ƙwai cikin ƙaiƙayi, ya ɗaure kwando a bayan keke, ya shiga daji da sassafe, ya dawo da la'asar ko ƙwarzane babu.

Ba laya ba ce, ba kuma wayo ba. Wata tsohuwar hanya yake bi, wadda wani kamfani ya zuba wa tsakuwa ya watsar tun kafin wannan masifa ta sauka. Ta bi gindin duwatsu, ta hau tudu ta gangara, ta kutsa cikin marke da kirya har rana ba ta samun mutum sosai. Tun da ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakiyarta mota ta daina bi, masu babur ma suka haƙura. Shi idan ya kai wurin sai ya sauke kwando, ya saɓi keken ya tsallaka. 'Yan bindiga kuwa ƙarar inji suke saurare, wa zai ɓata yininsa yana gadin mai keke? Ƙwai ba ya son gaggawa, Sha'aibu ma haka, saboda haka hanyar ta zame masa kamar tsakar gidansa. Yana sonta, gaskiya, har yakan ji tausayin masu cunkusuwa a mota.

A bayan dutse na biyu akwai rugar wani tsoho, Maccido, wanda shi ma 'yan bindiga suka kore masa shanu suka bar shi da zabi da tumaki kaɗan. A nan Sha'aibu yake sayen rabin ƙwansa, ya sha ruwa, su taɓa hira. Bai taɓa faɗa a gari ba. An kai zamanin da shan ruwa a ruga ma abin ɓoyewa ne.

Maganar ta fara ne da shiru. Ya iso majalisa, hira ta mutu. Sannan aka kai wa manoman garin hari a fadama, aka binne waɗanda aka binne, washegari kuma Sha'aibu ya je kasuwa ya dawo lafiya kamar kullum. A teburin mai shayi Abbati ya tare shi. Abbati shi ne shugaban 'yan sa-kai, yaron da Sha'aibu ya ga ranar sunansa, amma yanzu bindiga ta ƙara masa shekaru.

"Kawu Sha'aibu, wace addu'a kake yi ne? Ka koya muna mana," in ji Abbati yana murmushi. "Kowa ya shiga dajin ga sai an taɓa shi, kai kaɗai ka shiga ka hito."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Sha'aibu ma ya yi. Ya san abin da ake nufi, kalmar da ba a furta ba ita ce infoma, mai kai wa 'yan daji rahoto. Ya kuma san yadda aka yi da wani mai cajin waya da aka laƙa wa sunan bara. Ba wanda ya tambaye shi komai, bayan gari kawai aka ja shi.

A gida ma haka. Matarsa Bara'atu ta ce maƙwabta sun daina aiko aron turmi, ta je gidan suna mata suka matsa suka bar mata tabarma ita kaɗai.

"Malam, wai mi kay yi musu?" Ta fashe da kuka. "Ni da ma su tare ka sau guda, su amshe keken, mu huta da bakin mutane!"

Baƙin ciki ne ya sa ta faɗa, ba shawara ta ba shi ba. Amma maganar ta shiga, ta samu wurin zama.

Ranar kasuwa ta gaba ya sayar da ƙwansa, ya kamo hanya. Ya wuce rugar Maccido bai tsaya ba, ya tsallake kwalbati, sai da ya yi nisa sosai don kada zancen ya shafi tsohon, sannan ya sauka a wani kwari. Ya yi niyyar lanƙwasa keken, hannunsa ya ƙi. Sai ya kwantar da shi a ƙarƙashin geza ya lulluɓe da ganye, da tunanin idan ƙura ta lafa zai san dabara. Ya ɗauki dutse ya buga a goshi. Bugun farko na matsorata ne, ko fata bai fasa ba. Ya yi bisimilla, ya ji kunyar bisimillar, ya sake bugawa har jini ya rufe masa ido. Ya yaga riga, ya jefar da takalma, ya taka tsakuwar da ƙafa har gida.

Kai, mutane! Waɗanda suka daina amsa masa sallama su suka fara tarbarsa. Wani ya kawo ruwa, wani ya cire rawani ya ɗaure masa kai. Sha'aibu ya ce mutum uku ne suka tare shi, sun rufe fuska, a kwarin da ke kafin kwalbati. Gidan ya cika da masu jaje, mata suka kewaye Bara'atu suna ba ta haƙuri, har da tuwo aka aiko. Abin takaici, daɗi ya ji. Ya daɗe bai ji shi ɗan gari ba kamar a wannan yammacin.

Washegari da hantsi Abbati ya yi sallama, mutanensa na bayansa da bindigogi.

"Kawu, ka yahe muna, mun yi maka mugun zato," ya ce, kuma da gaske yake. "Tashi ka gwada muna wurin. Wallahi jininka ba shi zuba banza."

"Ku bar su da Allah, Abbati. Sun yi nisa yanzu."

"Wurin kawai muka son gani."

Ta ina zai ƙi? Aka ɗora shi a bayan babur. Hanyar da ya sani da kukan kurciya da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ta cika da rurin inji da hayaƙi. Yana ta lallashin kansa cewa ba komai, tsakuwa ba ta riƙe sawu, za su duba su gaji su koma.

A kwarin suka ga jini a kan dutse, suka ga takalmi ɗaya. Sha'aibu ya saci kallon gindin geza. An yaye ganyen, keke ba ya nan.

"Ku zo ku gani!" wani ya kira daga gefe.

An yi yayyafi da asuba. Daga kwarin akwai 'yar hanyar tumaki da ta ratsa ta bayan duwatsu, ita kuma jar ƙasa ce mai laushi. Ga sawun taya nan ɓaro-ɓaro, ga sawun takalmin roba a gefensa, na mutumin da ke tura keke a hankali. Suka ajiye babura suka bi da ƙafa. Sha'aibu ya san inda hanyar ta nufa tun kafin su sha kwanar dutse na biyu. Sau da yawa ya buɗe baki, sai ya tuna mai cajin waya, ya rufe.

Keken yana jingine a jikin bukka, an goge shi tas. Maccido na zaune kusa da shi da 'yar ƙwarya a hannu. Da ya ga bindigogi ya miƙe a tsorace, da ya hango Sha'aibu a cikinsu sai fuskarsa ta washe.

"Sha'aibu! Alhamdu lillahi, kana da rai! Na kai tumaki kwari nig ga jini, nig ga kekenka cikin geza. Nic ce bari in aje maka kar wani shi ɗauka."

Abbati bai ko dube shi ba. Sha'aibu yake kallo.

"Kawu, ya san sunanka."

"Kowa ya san mai ƙwai a hanyar ga."

"Shina cikin waɗanda sunka tare ka?"

A nan ne fa. Kalma kaɗan ce za ta fitar da tsohon: ni na ɓoye shi, ni na fasa kaina. Amma daga ita sai tambaya ta gaba, don me, sannan wadda ke bayanta, kuma duk bakin bindigogin nan za su juyo. Ya ga Bara'atu a kan tabarma ita kaɗai. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba a duk shekarunsa na ratsa daji.

"Na gaya muku sun ruhe huska," ya ce.

"Amma keken naka ne?"

"Nawa ne."

Maccido ya dube shi, bai gane ba tukuna. "Ɗana, gaya musu mana. Gaya musu ko ni wane ne."

Sha'aibu ya sunkuyar da kai. Abbati ya jawo keken da kansa, ya damƙa masa, ya dafa kafaɗarsa cikin girmamawa.

"Hau ka yi gaba, Kawu, kai da ciwo. Muna tahe."

Ya hau. Ya fita daga rugar, ya kama tsakuwa, ya soma gangara. Sai a lokacin ya gane abin da ke cikin ƙwaryar tsohon: man shanu ne, da shi Maccido ya bi sarƙar keken ƙwaya-ƙwaya, ya ɗaure birkin da ya saki. Keken yana tafiya sumul, ko ƙis ba ya yi. Ga hanya babu mota, babu babur, babu kowa. Babu abin da zai hana shi jin duk abin da ake yi a bayansa.